Biskit ɗin da Wuta Ba Ta Gasa Ba

Zuwa ga Radiya, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan farko da duk Damargu ke ɗaga kai tana jira. Assalamu alaiki, daga mutumin da bai cancanci ki amsa masa ba. Ina zaman Belbeji? Ki gaishe mini da Baba da Inna, in har sun yarda a ambaci sunana a gidan.

Na so in kira ki Maman Safiyatu kamar yadda bakina ya saba, hannuna ya ƙi rubutawa. An kusa wata uku da muka binne 'yarmu, an kusa wata uku da na yi miki saki ɗaya ana cikin zaman makoki. Yayarki Habiba ta gaya mini a waya iddarki ta kusa cika. Ta kuma gaya mini abin da ya fi wannan ƙona ni: wai tun da kika koma ba ki taɓa tukunya ba, ko ruwan shayi ba kya dafa wa kowa, kina cewa hannunki ba shi da kyau ga yara. Hannun naki, Radiya?

Kin tuna ranar da kika fara yin biskit ɗin nan? A waya kika gani, kika tasa ni gaba sai da na nemo miki hatsin Turawan nan, ot na gwangwani, a kasuwar Tanout. Na yi miki dariya, na ce gidan da babu tanda ina shi ina biskit. Kika ce wannan ba ya son gashi. Masu shi suna sa shokola, wato cakulan, ke kika ce zafin garinmu ba zai bar shokola ta kai gida ba, kika daka dabino a madadinta. Ina zaune a kan turmi da baƙin mai a hannu, na dawo daga gyaran babura, ina kallon ki kin narka man shanun garin Tenhya da sukari da madara, ya tafasa kin sauke, kin zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa da hatsin, kina ɗiba da cokali kina jerawa a faranti. Kika ajiye farantin a kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa don ya kama jikinsa. Safiyatu, yarinyar da sai an yi dambe take haɗiyar tuwo, ta ci uku tana tsaye, ta ce dakuwar Mama ta fi ta kasuwa. Wallahi ban taɓa ganin fuskarki ta yi haske irin na ranar ba, kuma ban gaya miki ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ki daure ki karanta har ƙarshe, in kin gama ki tsine mini in kin ga dama.

Ranar da zazzaɓi ya kama Safiyatu, ba da daɗewa ba bayan ta ci biskit ɗin, ke kika ce a tafi asibiti, wuyanta ya sanƙare. Ni na ce kin cika tsoro, na sayo ƙwaya wajen mai talla, na koma bakin aikina. Sai da ta kwana biyu muka kai ta. Da rai ya yi halinsa, likita ya ja ni gefe ya ce sanƙarau ne, ya ce da mun zo da wuri da wataƙila an yi wani abu. Ya ba ni takarda, na ninke na cusa a aljihu. Da muka dawo gida na ji gwaggona tana gaya wa mata wai abin da bai ga gashi ba ɗanye ne, ɗanyen hatsin Turawa ne ya kumbura a cikin yarinya. Na san ƙarya ne. Amma na rungumi maganar, don ta fi tawa sauƙin ɗauka. Na tsaya a gaban mutane na ce miki: "Ke kika kashe ta da ɗanyen abinki." Kika dube ni, kuma kika yarda. Ke kin yi lakwal, kin yi boko, kin fi ni jin Faransanci, shi ya sa na ɓoye takardar cikin akwatin kayan aikina.

Wane irin namiji ne ke ɗora wa matarsa gawar 'yarsa don ya samu ya miƙe tsaye? Ni ne, Yahuza. Tsoro ne da kunya, ba ni da wani uzuri.

Ran Talata na sauko da sauran gwangwanin daga inda kika bar shi. Biskit na farko da na yi ya ƙi kamawa, ya malale a faranti. Na biyu na bar shi ya daɗe a wuta, ya rugurguje kamar yashi. Na uku ya tsaya, munana dai, babu biyu da suka yi kama. Na kai wa gwaggo har ɗaki, na ci a gabanta, na gaya mata gaskiya da mutane a wurin. Sauran suna cikin kwanon da Gajere direba zai miƙa miki tare da wasiƙar nan.

Malamai sun ce tun da idda ba ta cika ba, kalma ɗaya ta ishe ni in mayar da ke. Ba zan faɗe ta ba sai da yardarki. Bakina ya riga ya yi miki hukunci sau ɗaya ba tare da ya tambaye ki ba. Ina son ki, Radiya, son da ya fi na ranar da aka kawo ki, kuma ina roƙon ki dawo, ko da za ki shekara ba ki yi mini magana ba. In kuwa kin ga ba za ki iya haɗa ido da ni ba, ki bar kwanakin su cika, ba zan ga laifinki ba.

Takardar likitan tana cikin ambulan ɗin nan. Ki karanta da idonki, ki karanta wa Inna, ki karanta wa duk wanda ya ji abin da na faɗa. Ko kin dawo ko ba ki dawo ba, ba ke ba ce, Radiya. Ba hannunki ba ne. Ni ne na ce a jira.

Naki, wanda ba zai kira wata matarsa ba bayanki har a kai shi kusa da Safiyatu,

Yahuza
Tanout