Ranar da Inna Ta Tare Motar Alhaji

Nasarawa, Kano,
Afrilu, 1977.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali, can Fatakwal. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a aikinka na tashar jiragen ruwa, Ya tsare ku daga zazzaɓin garin nan naku mai yawan ruwa. Mu nan ƙalau muke, sai zafin bazara da ya matsa mana. Matata Sakinatu ta yi nauyi sosai, ungozoma ta ce sai an shiga damina za ta sauka, a sa ta a addu'a. Inna ma tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce kawai take tasar mata wani lokaci. Kawu Musa ya zo daga Ringim, ya ce kowa lafiya, an kuma gama gyaran soron gidanmu.

Yaya, na zauna rubuto maka ne don kada ka fara jin labarin a bakin direbobin da ke kai muku shanu, su ƙara masa gishiri. Gaskiya ne na bar aikin tuƙi a gidan Alhaji Zubairu, gaskiya ne kuma Inna ce sanadi. Amma ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Ka san tun da ta dawo wurina a boskwata, ɗakunan ma'aikata na bayan gidan Alhaji, ta ƙi zama haka nan, tana soya ƙosai da dama koko a gindin darbejiyar bakin titi, leburorin gine-gine suna saya. To, bana sai hukuma ta fito da sabon haraji, wai kuɗin wuri, a kan duk wanda ya ajiye kasko ko faranti a gefen hanya. Mutane suka yi ta guna-guni suna biya. A daidai lokacin aka gama wani shataletale kusa da mu, aka kafa masa famfo mai feshin ruwa sama, da fitilu masu launi. Ruwa yana ta zuba ba mai sha, alhali a Gama famfunan unguwa sun ƙafe tun farkon zafi, mata suna bin 'yan ga-ruwa suna roƙo. Ana cewa kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa, mu dai a shataletale muke ganinsa.

Abin da ya tunzura mutane shi ne abin da ya sami Baba Talatu, wata dattijuwa 'yar Gama da ke soya waina kusa da Inna. Masu karɓar harajin suka zo ba ta yi ciniki ba, ɗayansu ya finciki tandarta zai tafi da ita, mai ya zubo mata a ƙafa. Inna ce ta kai ta gida. Can ta tarar ko ruwan wanke ƙunar babu a gidan, sai da wata maƙwabciya, Malama Salomi, mutuniyar Wusasa da ke koyarwa a firamare, ta kawo ɗan abin da ta ajiye na girki. Da Inna ta dawo ko abinci ba ta ci ba. Daga ranar, da ta tashi daga suya sai ta yafa gyale ta nufi Gama ko Gawuna, ta ce mana dubiya take zuwa.

Ran wata Litinin da safe na ɗauko Alhaji zuwa ofishin hukumar da ta sa harajin, inda yake babban ma'aikaci. Muna karyo kwana na ga hanya ta toshe da mata. Ban taɓa ganin irin wannan taro ba, Yaya. Tsofaffi, masu goyo, matan masu gadi da na kuku na unguwarmu, Musulmi da Kirista, kowace da tulu ko bokiti ko garwa. Sun shiga shataletalen suna ɗibar ruwan nan, suna jerowa a hankali zuwa ƙofar ofishin, ba mai zagi, ba mai jifa. Masu shayi da 'yan ga-ruwa suna biye da su a baya, leburori sun sauko daga kan gini suna kallo. 'Yan sanda sun zo, amma sun rasa wa za su kama. Alhaji ya duba agogo, ya ce in danna hon in kutsa, za su dare. Na ɗora hannu ke nan na hango Inna a gaba, tulu a ka, zanenta ya jiƙe sharkaf, tana ɗingisawa. Ta ga motar, ta gan ni, ba ta kauce ba.

Wallahi ban yi wani dogon tunani ba. Na kashe mota, na juyo na ce da Alhaji ya yi mini afuwa, mahaifiyata ce a gaban, ba zan iya ba. Ya dube ni, sannan ya buɗe ƙofa da kansa ya fita, ya taka cikin caɓi da farar babbar rigarsa. Inna ta sauke tulu ta gaishe shi kamar kullum, har ta tambayi Hajiya da yara. Da ya tambaye ta mene ne wannan, sai ta ce ruwansu suka zo ɗiba, tunda da kuɗin ƙosansu aka ja shi. Ta ce ba sa gudun haraji, amma daga yau ba mai biyan kuɗin wuri sai famfon Gama ya kawo, kuma sai an je an duba ƙafar Talatu. Malama Salomi ta maimaita da Turanci saboda wasu ma'aikata baƙi. Alhaji ya ce a zaɓo wasu su shiga a yi magana. Sauran suka zauna a rana, suka ce ba inda za su sai an fito.

Da azahar aka fito. An dakatar da kuɗin wuri a kan masu kasko da faranti, an ce tankokin ruwa za su riƙa shiga Gama kafin a gyara bututu. Na ɗauka maganar baki ce, amma tankokin suna zuwa, ko da yake ba kullum ba, kuma da idona na ga ana haƙa ramin bututu. An kai Baba Talatu asibiti, ƙafar tana warkewa. Yanzu maza ma sun fara zama bayan la'asar suna tambayar ina harajinsu na shekara yake tafiya.

Ni kuwa, Alhaji ya yi kwanaki ba ya yi mini magana. Daga baya ya kira ni ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, da shi ne ma haka zai yi, amma abokan aikinsa suna cewa daga bayan gidansa aka shirya abin. Ya ce ko dai Inna ta koma Ringim, ko kuwa mu nemi wani wurin. Na gode masa, na miƙa makullin mota. Da na gaya wa Inna ta yi kuka, ta ce za ta koma ƙauye. Sakinatu ce ta riga ni magana, ta ce ba inda Inna za ta, wa zai yi mata wankan jego.

Kada ka damu da mu. Kafin mu gama ɗaure kaya matan Gama sun samo mana ɗaki biyu a gidan wani Malam Hamisu tela. Malachi, mijin Malama Salomi, akawu ne a wani kamfanin gine-gine, ya kai ni aka gwada ni a tifa, zan fara farkon wata. Direba ba ya rasa aiki a Kano yanzu. Abin da nake roƙonka, Yaya, kada ka aiko a ɗauke Inna, kada kuma ka yi mata faɗa. Tun rasuwar Baba ban ga fuskarta ta sake haka ba.

Ka san ba ta kama sunanka. Ta ce in gaya wa mutumin Fatakwal, tunda daga wajensu ake haƙo man nan, ya duba mata ko matan unguwarsu suna da ruwan famfo. In ba su da shi, wai ka karanta musu takardar nan, ka ce kowace ta nemi tulu.

Ka gaida Yaya Jummai da kyau, da Ahmadu da Hauwa, a ce su dage da karatu. Inna tana sa muku albarka, Sakinatu da Kawu Musa suna gaisuwa. In za ka ba da amsa, ka aiko ta hannun Malam Hamisu tela, Gama. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Ɗahiru.