Ranar da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Zariya, 9 ga Yuli, 1971

Zuwa ga Yaya Barakatu, a Wudil.

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da yara, ya damina?

Albishirinki, an gano ciwon yaron nan. Tarin fuka ne, kuma yana jin magani. Sau biyu aka maido mu, don masu kwalara sun cika asibiti. Ni ma da laifina, kunyar ɗan fari ta sa nake cewa ɗan tari ne kawai. A zuwa na uku na nuna wa likita jinin da ke hannun rigarsa.

A baranda nake kwana, amma ba komai. Jiya ya cinye tuwonsa ya hau nawa.

Don Allah ki kai ƙannensa a duba su. Ki ce wa Inna ta aiko da yajinta, shi ya tambaya.

Ƙanwarki,
Safiyatu