Gogen Baba ya ƙi shiga ordinatar

Assalamu alaikum Yaya Issufu,

Gaisuwa mai yawa daga Magariya. Ina gajiya, ina zafin Yamai? Yaya Anti Hadiza da yara? Mu nan alhamdu lillahi, gero ya yi kai, sai dai hannun Baba har yanzu bai motsa ba.

Yaya, aikin da ka ɗora mini na rubuta kiɗan gogen Baba a ordinatar ɗin nan, kwamfutar da ka aiko, wallahi ya fi ƙarfina. Tunda ba ya iya riƙe goge, da baki yake rera mini, ni ina shigarwa. A kiɗan manoma akwai wata murya da ta tsaya mini a wuya. In na rubuta ta da sunan da Turawa ke ba ta, wato fa diyez, da na sauya ma'aunin kiɗan sai na'urar ta mayar da ita wata murya mai suna sol bemol, wai ai duk sauti ɗaya ne. Na tambayi Baba, ya ce in zai hau, yatsansa wuri daban yake sauka, in zai sauko kuma daban. Ita kuwa na'urar gurbi ɗaya tak ta ba ni.

Shekaranjiya na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya fuskarsa bango ya ce, "Sani, kashe abin nan. Wannan kiɗan wani ne."

Kullum muryarsa ƙara dushewa take. In akwai wata dabara, don Allah ka gaya mini da wuri. In babu, ka zo ka ji da kunnenka tun yana iya rerawa.

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Sani