Ƙwaryar Iya Shatu

Daura, 4 ga Maris, 2006

Zuwa ga 'yata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zafin Zariya? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar babanku da ke ɗan tashi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Har yau ban gane wannan karatu naki ba. Kin gama digiri na ce alhamdu lillahi, sai kika ce saura na biyu, wai na duba tsofaffin kaya da yi musu magani. Maƙwabta suna tambayata aikinki, in rasa abin faɗi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ina shara a ɗakinki na ga kwali ƙarƙashin gado, na buɗe, sai ga tsohuwar ƙwarya nannaɗe da farin ƙyalle kamar gawa. Baƙa ƙirin, ta tsage daga baki har gindi, ɗinkinta duk ya ruɓe. Raina ya ɓaci. A ce mai karatun gyara ce ta ajiye wannan a gidana? Na kira Dabo gyartai ya warware tsohon ɗinkin, ya yi sabo da zaren buhu. Ni kuma na dirje ta da toka, na shafe ta da farar ƙasa. Yanzu ko ɗigo ba ta yoyo. Na rage miki aiki, saura ki riƙa cin abinci.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Maimunatu

Daura, 13 ga Maris, 2006

Mardiyya,

Sallama da fatan kina lafiya, kuma kin huce. Harisu direba ya kawo takardarki. Shafi huɗu! Kwana biyu na yi ina haɗa baƙaƙen, ban ci karo da sannu ko ɗaya ba.

Sai yanzu na ji cewa ƙwaryar ta Iya Shatu ce ta Sandamu, gadon kakarta, kuma aro kika yi da alƙawarin za ki mayar mata yadda take. Kin ce a kanta za ki rubuta aikinki na ƙarshe, malaminki zai gan ta ƙarshen wata, in babu ita sai ki maimaita shekara. Wai baƙin da na dirje shi za a auna a gane abin da ake zubawa a ciki. Da kin tambaye ni ai da na gaya miki, fura ce. Wai kuma ruɓaɓɓen ɗinkin nan ya fi ƙwaryar daraja, shi ya sa za ki yanke na Dabo. Na koma wurinsa neman tsohon, ya ce ya watsar tuni. Ni da girmana na tsuguna ina tonon shara a bakin kasuwa, ban samu ko sili ba.

Kin ce kin rubuta gargaɗi a jikin kwalin. Da Turanci, Mardiyya. Ni Hausa aka koya mini, ita ma da ƙyar.

Duk da haka abinci ya ƙi shiga bakina. Amanar tsohuwa ce, ni na taɓa ta, ni zan kai kaina.

Mahaifiyarki,
Maimunatu

Daura, 22 ga Maris, 2006

'Yata Mardiyya,

Ina gaishe ki, babanku ma yana gaishe ki. Ina fatan lafiya.

Na je Sandamu da ƙwaryar. Na durƙusa na faɗa wa Iya Shatu gaskiya. Ta karɓa ta jujjuya ta, ta zuba ruwa ta ɗaga sama, sai kawai ta rangaɗa guɗa. Ta tara matan gidan, ta dama fura a ciki nan take, ta ce rabonta da sha a ƙwaryar nan shekara ashirin. Da na miƙa hannu zan ɗauka ta ce atafau, abinta ya warke, ba ya komawa makaranta.

Sau uku ina hawan acaɓa zuwa Sandamu, bayana har yanzu bai dawo daidai ba. A na ukun na kai mata ƙwaryar aurena ta riƙa damu da ita, sannan ta yarda. Ta ba ki mako uku. Ga ta nan wurin Harisu cikin kwalinta, ban wanke ba, har da sauran furar, tunda ƙazanta kuke aunawa.

Amma da sharaɗi. Ta ce a dawo mata da ita yadda take yanzu, wanda duk ya taɓa ɗinkin Dabo ba ta yafe ba. Na rantse mata a madadinki gaban mutane. Saboda haka ki ajiye almakashinki. Ke kika ce aikinku shi ne kare abu yadda kuka same shi. To haka kika same shi. In malaminki yana da magana, ya rubuto mini, amma da Hausa.

Allah ya ba ki sa'a, ya kuma raba ni da ƙarƙashin gadonki.

Mahaifiyarki,
Maimunatu