Hannun Injin Yana Ɗakina

Jibiya, watan Cika-ciki.

Zuwa ga Baban Salmatu, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Shi sa takardar ga ta iske ka lahiya, kai da Aishatu da yara. Allah Shi tsare ka da ƙarafan bakin ruwan nan da kake aiki cikinsu. Mu nan lahiya lau, sai ƙafata da ke motsawa in anka yi sanyi. Gero ya yi kyau a gonar Mazanya. Hajjo matar ƙanenka Arzika cikinta ya tsufa, yau ko gobe muke jira. Laraba matar ɗan kwastan da ke haya a gidan baya ita ke rubuta mini. Ka san ban taɓa aiko maka takarda ba, ko sunanka ban taɓa kamawa da bakina ba, kai ne na fari. To in ka ga na aje kunya na zauna gaban mai alƙalami, ka san zama ya ƙi ni.

Maganar injin niƙan nan ce da ka sawo ma Arzika. Allah Shi yi maka albarka, ban raina ba. Ni da na girma a durƙushe gaban dutsen niƙa har gwiwata ta yi kanta, na san abin da ka ɗauke ma matan unguwa. Shekararsa ta farko ko tari bai yi ba. Tafiyarsa a natse take, ina daga ɗaki ina jin sa kamar ana daka a gidan maƙwabta, har gyangyaɗi nake a kai. Sai da ka zo Babbar Salla ka ga layin ƙore ya kai bakin titi, ka ce yanzu ƙasa ta samu, kowa gudu yake, don me injinmu zai riƙa rarrafe. Ka ɗauki sifana ka ɗaure wani noti a gefensa, injin ya kama ruri kamar kamiyo, babbar motar kaya, in tana hawa tudun Magama. Ka amshi jan farcen Aishatu ka ɗiga a kan notin, ka ce ma Arzika kada wanda ya taɓa wurin ga sai ka dawo. Ina tsaye, da kunnena na ji.

Tun ranar ba mu huta ba. Da fari bel ne ya riƙa zamewa, Arzika ya ce tsufa ya yi, anka sawo sabo a Katsina. Sabon ma ya zame. Sannan ruwan duron da ke sanyaya shi ya kama tafasa, har Hajjo ta ce bari ta kawo gasara a dama koko a huta da hura wuta. Anka ce man ne, wai masu tsallakawa da shi suna haɗa shi da kananzir. Anka canza wurin saye, har wanda mutanen Maraɗi ke ce ma gazuwal anka gwada. Ya yi kwana kaɗan shiru, munka ce an gama, sai ga baƙin hayaƙi. Gari kuma ya riƙa fitowa da zafi, ba ka iya sa hannu cikinsa. Nagoggo mai tuwon tasha ta zo har zaure ta ce direbobi sun ce tuwonta na warin ƙauri, ta tambaye ni niƙa muke ko suya. Wata ta ce baki ne, na amso rubutu wurin malam anka yayyafa a rumfar injin. Yau a gyara wannan, jibi wancan ya tashi. Laraba ta ce in rage sauri, alƙalaminta ba a ɗaure mishi noti ba.

Da abin ya ishe mu munka kira Filibus makaniken kamiyo na bakin iyaka. Mutumin kirki ne, bai yi gaggawa ba. Ya kwance nan, ya hura can, ya sa kunne, ya wanke abin tace mai, ya tada shi ya kashe, ya sake tadawa. Ya ce duk abin da munka canza lahiyarsa lau, asara munka yi. Ya nuna jan farcen nan ya ce ciwon ga shi nan, wurin sunansa gwamna, shi ke hana injin wuce ƙarfinsa. Na ce ashe har gwamna gare mu a rumfa ba mu sani ba. Ya yi dariya, ya ce to an ɗaure ma gwamnan baki. Ya ce a bar shi ya sassauta notin ya koma inda masu ƙera shi sunka aje shi, a yi niƙa a gani, in ciwon ya dawo a neme shi wani wuri. Yana ɗaga sifana Arzika ya riƙe mishi hannu, ya ce Yaya ya ce kada a taɓa. Filibus ya ce Yaya na Ikko, shi Arzika ne ke tsaye gaban ƙarfe. Arzika ya ce ko Yaya na Makka ne.

Kai ka san ƙanenka. Ka tuna kuna yara, ranar kasuwa, da ka tsai da shi gindin tsamiya ka ce kada ya motsa sai ka dawo, ka bi masu wasan kura ka manta da shi? Inuwa ta tashi ta bar shi, bai bi ta ba. Da la'asar na iske shi tsaye cikin rana, leɓensa ya bushe, na ce me ya hana ka matsawa, ya ce Yaya bai dawo ba. To har yau shina nan gindin tsamiyar, gemu kawai ya ƙaru.

Abin da ya sa na kasa zama, ran Lahadin da ta wuce ne. Ana cikin niƙan dawa, sai munka ji ƙara kamar an harba bindiga. Wani ƙarfe ya ɓalle daga jikin injin, ya wuce ta gefen kunnen Arzika, ya huda kwanon rumfa ya fita. Kunnen ya tsage, an ɗinke a asibiti, kada hankalinka ya tashi. Amma na je na tsaya inda yake tsaye, na dubi hudar, rana na shigowa ta cikinta ta sauka daidai kan ƙafata. Tsakanin kunne da ido nawa ne? Hajjo tun ranar ko ta ji an buga kwano sai ta dafe ciki. Shi ko gogan, washegari da ƙyalle a kai na gan shi shina zuba mai zai tada.

Na ce ya sassauta notin, ni uwarsa na ce. Ya durƙusa ya ce in yi mishi rai, kada in sa shi tsakanina da kai, injin naka ne, maganar taka ce. Ban iya sifana ba, kuma ba zan sa Filibus ya karya maganarka a bayan idonka ba, ƙanenka ya riƙa ganin an wulaƙanta ka. Sai na shiga rumfar na ɗauke hannun nan na ƙarfe da ake murzawa injin ya tashi. Nauyi gare shi, sai da na huta a hanya. Shina ƙarƙashin gadona, bayan kwallaye. Arzika kullum da safe sai ya zo ya gaishe ni, ya daɗe a durƙushe shina kallon ƙarƙashin gado, ni ko in tambaye shi ya kunne. Mata sun fara kai niƙa Daddara, Nagoggo ta daina gaishe ni, duk na ji na ɗauka.

Ba na ce ka yi laifi ba, alheri ka nufa. Abu ɗaya nake so. Ka rubuto da hannunka, da sunan Arzika a kai, ka ce ka ɗage maganarka, a kankare jan farcen nan Filibus ya mai da noti wurinsa. Kada ka aiko saƙon baka, ba zai yarda ba. Kada ka aiko sabon bel ko wani ƙarfe, mun gaji da su. Amsar ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda, kamiyonsa na juyowa da siminti.

Ka gaida Aishatu, ka ce mata jan farcenta ya fi na kowa riƙo. Ka shafa mini kan Salmatu da Manu. Hajjo na gaishe ku, kawunka Ummaru na gaishe ka, Laraba ma ta ce a sa tata. Arzika bai san na yi takardar ga ba, da ya gaida Yaya.

In amsa ta zo, da kaina zan kai mishi hannun. In ba ta zo ba, ni na san hanyar dutsen niƙana, shina nan bayan rumbu.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarku.