Safar Ƙarfen Da Ta Yi Mini Yawa

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na hau sama. Shekara shida ina ƙasa a kamfanin naman nan, ɗakin wankin kayan ciki, inda mu mata muke wuni cikin ruwa muna kankare tumbi, sai ga ni a teburin cire ƙashi tsakanin maza goma sha ɗaya. Matar ofis, wadda muke kira Mai Hoto, ita ta raka ni. Ta ce gwajin wata ɗaya ne, in na yi abin kirki za a hawo da wasu mata uku. "Idon kowa na kanki," in ji ta, tana murmushi kamar albishir take mini.

Aikin ba baƙona ba ne. A gaban Baba, Allah ya jiƙansa, na koyi raba tsoka da ƙashi tun ban kai tsawon teburinsa ba. Abin da ban saba da shi ba safar ƙarfe. Kowa yana sa ta a hannun da ke riƙe nama, don in wuƙa ta zame ta tarar da ƙarfe. Tawa kuwa, hannayena biyu za su shige ciki su zauna su yi hira.

Laraba, 3 ga Satumba

Yatsun safar sun wuce nawa, sai reto suke. In na damƙi cinya ta sulɓe. Na je wajen mai sito neman ƙarama, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai kamfani bai taɓa sayen ta yara ba. Shugaban teburinmu, Mai Usur, ya ji labari. Ya ce, "Kwana uku kacal, har an fara neman na musamman?" Na ɗaure wuyan safar da roba.

Asabar, 6 ga Satumba

Bel ɗin injin da ke kawo mana nama ba ya jiran kowa. Nama yana taruwa a gabana, usur yana tashi, kuma duk tebur sun san don wa aka busa.

An kawo baƙi. Mai Hoto ta sa na ɗaga wuƙa na yi murmushi, sau huɗu. Ta ce in ɗan ɓoye hannun hagu, safar tana ɓata hoton.

Talata, 9 ga Satumba

Na leƙa ƙasa lokacin cin abinci. Uwar Biyu ta nuna mini tsakanin yatsunta, ruwa ya cinye su sun yi fari fat. Ita ce ta farko a jerin masu jiran hawa. Ta ce, "Yaya, ki riƙe mana ƙofar nan da kyau, kar ki bari ta rufe." Na ce in Allah ya yarda. Me zan ce? Ban iya gaya mata ni ce kullum ta ƙarshe a tebur ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na gano dabara. In Mai Usur ya juya baya, sai in zare safar ƙarfen in jefa aljihun gaba, in bar safar roba da ke ciki kawai. Wayyo daɗi! Hannuna ya dawo nawa. Yau ko sau ɗaya ba a busa mini ba. Dogo, dattijon da ke tsaye kusa da ni, ya gani. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya ci gaba da aikinsa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ta faru. Wuƙa ta zame a kan ƙashin kafaɗa, ta sauka a yatsana manuni. Ban ji zafi ba da farko, sanyi na ji.

Doka ita ce, in jinin mutum ya zuba, a tsayar da aiki, a zubar da duk naman da ke gabansa, a rubuta rahoto. Rahoton kuwa na san abin da zai ce: mace, sati na biyu, ta cire safa. Ba zai ce safar ta yi mata yawa ba. Na tura tsokar da ke hannuna cikin kwandon shara, na dunƙule yatsan a cikin riga, na ce zan zaga. A wurin nan jini ba ya tona asirin kowa, duk rigunanmu ja ne. Na naɗe shi da filasta a banɗaki, na zura safar ƙarfen a kai, na dawo.

Dogo ya jawo rabin naman gabana ya haɗa da nasa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ya kumbura, yana bugawa kamar da zuciyarsa daban. Mai kemis ya ce ɗinki yake so tun ranar, yanzu lokaci ya wuce. Inna ta kama ni ina wanke kwano da hannu ɗaya. Ta ce, "Ubanki shekara arba'in yana fawa, bai taɓa ɓoye yanka ba." Na ce Baba ba a ɗora masa mata uku a ka ba. Sai na ji kunyar bakina.

Laraba, 17 ga Satumba

Nas ɗin kamfani tana nan hawa ɗaya da mu, ƙofarta a buɗe. Kullum sai na wuce ta sau shida.

In na shiga, na rufe wa su Uwar Biyu ƙofa. In ban shiga ba, yatsa ne. Na rasa wanda zan gaya wa, sai wannan littafin, shi kuwa ba ya ba da magani. Tsoro nake ji, gaskiya.

Litinin, 22 ga Satumba

Ba komai. Aiki, gida, ruwan zafi da gishiri.

Talata, 30 ga Satumba

Na ci gwaji. An tara mu, an tafa. Manaja ya tambaye ni ko akwai abin da nake bukata don aiki ya ƙara sauƙi. Mai Usur yana tsaye a bayansa, Mai Hoto ta saita waya. Na ce babu, ranka ya daɗe, komai lafiya.

Ciwon ya rufe, amma yatsan ba ya lanƙwasuwa. Ya tsaya ƙiƙam, kullum yana nuna wani abu. A cikin safar ba mai ganewa, wuri ya ishe shi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Uwar Biyu ta hau, ita da wasu biyu. Ta sha sabon ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, bakinta har kunne. Mai sito ya miƙa mata safa. Hannunta ma bai kai nawa ba.

An busa mata usur sau tara. Na ƙirga.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Mai Usur ya juya baya. Na ga hannun Uwar Biyu na hagu ya yi ƙasa, ya shiga aljihu, ya fito ba ƙarfe. Ba wanda ya koya mata. Ta kamo kafaɗa, ta ɗaga wuƙa.

Akwai jan maɓalli a gefen tebur mai tsayar da bel. Ban taɓa ganin an taɓa shi ba. Sai kawai na ji wurin ya yi tsit, ashe tafin hannuna ne a kai.

Mai Usur ya taho yana kumfar baki, wa ya mutu, wa ya ba ni izini. Na zare safata na ajiye a kan tebur, na ɗaga masa yatsan. Na ce, "Wata guda ke nan. A teburinka aka yi, kana tsaye." Ya ce ashe ƙarya na yi ta yi musu. Na ce e. Ya juya kan Dogo ya ce ko ya sani? Dogo ya ce, "Na sani. Safar ce ba ta hannunta ba." Kalma takwas, ya koma wasa wuƙarsa.

Gobe ƙarfe tara ana nemana a ofis. Mai Hoto ta wuce ni a matakala kamar ba ta taɓa ganina ba. Wataƙila ƙasa za a mayar da ni, wataƙila bakin ƙofa. Wataƙila mu huɗun duka, wannan ne ke cina.

Uwar Biyu ta ce na tona mata asiri a gaban maza, kwana huɗu da hawanta. Tana da gaskiya. A ɗakin canza kaya ta juya mini baya.

Ni ba jaruma ba ce, hannuna ne ya riga ni. Ba kuma wani dogon bayani zan yi musu gobe ba, haƙuri zan bayar. Sai dai da muna canza kaya na ga zare yana lilo a bakin rigata, na tsinke shi, na zagaya tafin hannuna da shi na ƙulla, don dai in san girmansa. Sauran biyun suka matso, na auna nasu. Uwar Biyu ba ta juyo ba. Hannun kawai ta miƙo ta baya.

Zare huɗu ne a aljihuna. Ban ce zan fito da su ba.