Rasuwar Malam Yahuza Hambali da Tsohuwar da Ba a Sanar wa Ba

Cikin alhini da ruɗewar da har yau ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Ɗaliban Arewacin Najeriya Masu Neman Manyan Digiri a Kuala Lumpur take sanar da 'yan'uwa na gida da na nan rasuwar Mataimakin Shugabanta, Malam Yahuza Hambali Gumel, wanda Allah Ya yi wa cikawa a wani asibiti da ke Cheras bayan cutar korona ta kwantar da shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ma'aikatan lafiya ne suka yi masa sutura bisa dokar kulle, mu kuwa muka tsaya can nesa, ko makarar ba mu taɓa ba.

Duk ɗalibin da ya sauka garin nan a 'yan shekarun nan ya san hidimar Marigayi, domin shi ne mai taro baƙo daga filin jirgi, ya nema masa ɗaki a Pantai Dalam ko Setapak, kuma da kulle ya tsananta shi ne ya riƙa ajiye wa waɗanda aka killace abinci a bakin ƙofa. Karatunsa ne dai, mu faɗi gaskiya, ba mu taɓa gane kansa ba. Ɗan Gumel, ya taso ya zo wannan ƙasa ta zafi da ruwan sama, wai yana nazarin harsunan mutanen ƙanƙara. A shagon shayin Indiyawa Musulmi da ake kira mamak ya sha yi mana bayani cewa harsunan Finlan da Estoniya da Hangari dangi ɗaya ne, tushensu wajen duwatsun Ural tun dubban shekaru, wasu suka zama harsunan gwamnati, wasu kamar Mansi suka rage a bakin tsofaffi a Siberiya. Mukan tsokane shi da Sarkin Ƙanƙara, shi kuma ya ce mu je Bauchi mu ga yadda Hausarmu take haɗiye ƙananan harsuna, kamar yadda Rashanci yake yi wa waɗancan.

Da annoba ta hana shi tafiya Siberiya, sai ya koma hira ta bidiyo da wata tsohuwa mai jin Mansi, wadda jikarta take haɗa mata waya. Yana kiran tsohuwar Iya, ita kuma, kamar yadda ya shaida wa iyalinsa, ɗa ta ɗauke shi. To, nan ne kanmu ya ɗaure. Iya ba ta san ya rasu ba. Tana nan tana kira, mai ɗakinsa Malama Bashira, da take cikin takaba, ta ɗaga, su kalli juna, tsohuwar ta ambaci sunansa, Malama ta yi mata alama da hannu cewa ya fita. Da an kashe wayar sai kuka, kuma ta faɗa mana ba za ta iya ci gaba da wannan ba.

Dattawan ƙungiya sun zauna a kai ba su daidaita ba. Wasu sun ce a sa manhajar fassara a aika wa jikar saƙo a huta. Mai girma Uban Ƙungiya, Dakta Abdulbaƙi Adnan, ya ƙi, ya ce a tarbiyyarmu ba a jefa wa tsohuwa labarin mutuwar ɗanta ta waya, mutum ake turawa ya zauna kusa da ita, ya lallaɓa ta. Mun yarda da shi, amma wa za mu tura, ta wace hanya, da wane baki? Wallahi ba mu sani ba. Saboda haka muna roƙon malaman Marigayi da duk wanda yake da wani a wannan yanki ya taimaka mana da mutum mai hankali da zai je mata da ƙafarsa.

A madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga mahaifinsa Alhaji Hambali, da Malama Bashira, da 'yarsa Zuhra, da al'ummar Gumel baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da dangana. Muna kuma roƙa wa Iya haƙurin tun kafin labarin ya isa gare ta, domin mu duk mun yi kukanmu, ita kaɗai ce ta rage tana jiran ya dawo.

Abdussalam Fatihu Ringim
Sakataren Yaɗa Labarai